Ranar da Kawu Ya Sha Ciyaman a Funtuwa

A yankinmu, daga Malumfashi zuwa Kafur, Bakori, Ɗanja har Funtuwa, babu mai buƙatar takarda kafin ya san abin da zai sha. Da safe ka je teburin mai shayi ka ce a haɗa maka mai kauri, ko ruwan bunu idan aljihu ba lafiya. Rana ta take, ka nemi 'yar Fulani ta dama maka fura da kindirmo, kana tsaye a kanta kada ta cika ruwa. Wanda aka sallamo daga asibiti a haɗa masa Maltina da madarar Peak, wai ƙarin jini. Da azumi kuma zoɓo da lemon citta da kunun tsamiya su karɓi gari. Barasa kuwa, tun da aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina a 2000, sai a wa'azi ake jin sunanta. Mai shanta ya san lungunsa, kuma ba ya gayyata.

Sai ga samarin zamani sun fara buɗe wuraren shan lemo masu shuɗiyar fitila da dogayen kujeru, inda ake miƙo maka takarda kamar ka zo cike fam ɗin bashin taki.

Kakar bara na raka Kawu Funtuwa sayar da waken suya. Kawu na'ibin liman ne a masallacin unguwarmu, tsohon manomin auduga tun zamanin da ita ce ke riƙe da garin, da injinan gurza da masaƙa da jirgin ƙasa mai wucewa Gusau da Ƙauran Namoda. Ciniki ya yi kyau, aljihun babbar riga ya yi nauyi. Autansa, wanda ke karatu a jami'ar Zariya, ya ce yau sai mun ga ci-gaba.

Muka shiga. Kawu ya dubi doguwar kujerar gaban kanta ya ce shi ba zai hau kan rumbu don shan ruwa ba, aka ba mu tebur. Yaron wurin ya kawo takarda. Auta ya shiga karatu yana fassara: mojito na ƙasar Kuba ne, da na'ana'a da lemon tsami, piña colada na Puerto Rico ne, abarba da madarar kwakwa. Can ƙasashensu da giyar rake ake haɗa su, amma a nan an cire.

"An cire?" in ji Kawu. "Wa ya ga an cire?"

Ya ce a dama masa fura. Yaron ya ce babu. Kawu ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai gidan man da ya ce ba fetur.

A nan na sa baki, don na taɓa zuwa biki a Kaduna na ga abin da manya ke riƙewa. Na ce, "Kawu, Chapman za ka sha. Namu ne na Najeriya, an ce daga wani kulob na Ikoyi a Legas ya fito. Fanta ne da Sprite da ɗan jan ruwa mai zaƙi, ko yara suna sha."

"To, a kawo ciyaman ɗin."

Aka kawo shi a wani ƙaton kofin gilashi mai hannu, jawur, ƙanƙara ta cinye rabinsa, yankan kokwamba na yawo a sama, an soke lemon tsami a baki, ga wata 'yar lema ta takarda. Kawu ya zare lemar ya sa a aljihu don jikarsa. Ya tsamo kokwambar da yatsa ya cinye, ya ajiye tsinken zuƙa a gefe, ya yi bisimilla ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ƙanƙara ta bugi haƙoransa. Ya yi gyatsa, ya yi hamdala, ya ce lallai ciyamomi suna shan daɗi, shi ya sa ba sa son sauka. Har ya ce a ƙaro.

Da Auta ya bar wayarsa a aljihu, da an tashi lafiya. Amma ɗan boko ba ya iya cin abu bai bincika ba. Yana cikin latse-latse sai na ga fuskarsa ta canja.

"Baba, an ce fa ana ɗiga wani abu a ciki, Angostura. A Trinidad ake yin sa. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa shi a Venezuela a 1824 don maganin ciki."

"Madalla, magani ne ashe."

"Eh, amma kashi 44.7 cikin 100 nasa barasa ce."

Kofi na biyu na hannun Kawu, ya sha rabi. Ya ajiye shi a hankali. Ya yi salati. Auta na ta cewa ɗigo biyu ko uku ne kawai ake sawa, amma wa ke jin sa. Kawu ya miƙe, ya dafe tebur, ya ce ƙasa na juyawa. Ya ce tun kurɓar farko ya ji wani ɗumi na hawa ƙeyarsa. Ya ɗaga hannu ya ce yana ganin yatsunsa bibbiyu. Mutumin da minti biyar da suka wuce yake lissafin kuɗin buhuna da ka, ba tare da kuskuren naira ɗaya ba, yanzu sai da muka riƙe shi. Ya nemi buta ya kuskure baki a bakin ƙofa har ruwan ya ƙare, yana tambayar wa zai ja salla idan liman ya yi tafiya cikin kwana arba'in ɗin nan. Sannan ya juyo kaina.

"Kai ɗan 'yar'uwata ne. Da hannunka."

'Yan acaɓa sun fara taruwa. Wani ya ambaci Hisba. Jin haka mai wurin ya fito da gudu, wani saurayi mai askin zamani, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, wallahi tallahi ba ma sa shi. Ko kwalbar ban taɓa riƙewa ba. Kuɗinta kaɗai sai ya cinye ribar wata."

"To jan nan na mene ne?"

Saurayin ya yi shiru. Ya dubi sauran masu sha, ya dubi 'yan acaɓa, ya ga babu mafita. Ya zagaya bayan kanta ya jawo wata jarka mai ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa, ya buɗe. Ƙamshin citta da kanumfari ya cika ɗakin.

Zoɓo ne. Wata tsohuwa ke dafa masa kullum da safe.

Ban taɓa ganin maye ya saki mutum da sauri haka ba. Kawu ya saki kafaɗata, ya tsaya cak, ya gyara hula.

"Nawa ka ce kofi?"

"Naira 3,000, Baba."

"Zoɓo? Zoɓon da ke tsaye a iyakar gonata, akuya ma sai ta ga dama?"

Auta ya ce ai har Meziko ake fitar da shi daga Najeriya, can ma shan sa suke yi. Kawu ya ce to mutanen Meziko su zo su biya. Aka shiga ciniki irin na kasuwar hatsi ta Dandume, da albarka da rantsuwa da tafiya a dawo. A ƙarshe ya biya kuɗin Fanta da Sprite da ƙanƙara, ya ce kokwamba kyauta ce tunda bai ce a sa ba. Cikon ni na biya a ɓoye, don mai wurin ya riƙe mini hannun riga.

A tasha Kawu ya ce zai nuna mana abin sha na mutanen kirki. Ya sayi babbar gora ta kunun aya, mai dabino da kwakwa, tsarabar iyali. Mai kunun ta ce a sha da wuri, ba ya son zafi. Auta ya buɗe baki zai ba da labarin yadda ake shan irinsa a Valencia ta Sifen, Kawu ya ce idan ya sake taɓa wayar nan sai ya jefa ta dam ɗin Mairuwa. Aka cusa gorar a but, kusa da buhun barkonon wani fasinja.

Muna wuce Bakori taya ta yi faci. Safayar ma ba iska. Direba ya hau babur neman mai faci, muka zauna a gindin ɗorawa, mota na gasuwa a rana har bayan La'asar.

Dab da Magariba muka isa Malumfashi. Majalisar ƙofar gida ta cika, har da liman, ana jiran kiran salla. Kawu ya zauna a tabarma ya fara ba da labarin yadda ya kama 'yan damfara a Funtuwa, ba tare da ambaton buta ko juyawar ƙasa ba. Ya ce a kawo kofuna kowa ya ɗanɗana tsaraba. Gorar ta kumbura ta yi tauri, har gindinta ya daina zama. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

"Kai ka gama ba da shawara a kan abin sha."

Ya murɗa murfin. Kunun ya yi tsiri sama da ƙara, ya wanke masa gemu da farar riga, ya sami rawanin liman. Wani tsami mai hawa kai ya gauraye wurin. Wani dattijo da ya yi aikin soja a kudu ya shinshina, ya matsa gefe bai ce komai ba.

Liman ya goge fuska da gefen rawani, ya shinshina shi ma.

"Malam, wannan daga ina?"

Kawu ya nuna ni.