Taubashi da Baturiyar Cikin Mota

Taubashi, barka da arziki. Tun ranar da ka dawo daga Kano da allo manne a gaban tsohuwar Golf ɗinka, mutanen Karkarna ba su huta ba. Tayoyin baya sun suɗe kamar tafin hannu, ƙofar mai zaman banza sai an ɗaure ta da igiya, amma kai allo ka ga ya kamata ka fara saya.

Ka ce mini sunansa Android Auto, kana faɗa kana gyara hula kamar kai ka ƙera shi. To, tun 2015 Google ya fito da abin nan, kai ne labari ya iso wa a makare. Kuma allon da kake shafawa da hannun riga madubi ne kawai. Wayarka ce ke yin aikin: ka jona ta da kebur, taswira da kira da saƙo su fito manya-manya, don direba ya daina sunkuyar da kai yana latse-latse a kan titi. Wannan kam na yaba. Masu iPhone ma suna da irinsa, CarPlay, kada ka ɗauka kai kaɗai Allah ya ba.

Sai ranar da ka ɗauke ni zuwa Kazaure. Hanyar da muka goge a kan keke tun muna yara, wadda ko jakin Baffa ya haddace ta, ita ka tsaya minti goma kana nema a taswira. Muna tashi muryar mace ta yi magana da Turanci, na ji ka ce, "Na'am, ranki ya daɗe." Uwargida ta shekara ashirin tana roƙonka ka rage gudu, ko sau ɗaya ba ta samu wannan ladabin ba.

Baturiya ta ce hagu, ka karya kan mota dama, sai ga mu a bakin gonar riɗi, mai gona ya dafa fartanya yana kallonmu. Da taimakon taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita dubu 20 a sama wayarka ta san inda kake, kai da ke riƙe da sitiyari ba ka san hagunka ba. Ka ce karin harshenta ne ya rikita ka. Ai tun 2019 akwai murya mai karin Turancin Najeriya, sa ta mu gani. Ni dai na san wanda ya riƙa gudun aji yana zuwa kamun kifi a dam ɗin Kazaure.

Duk wannan mai sauƙi ne. Muna dab da shiga gari kira ya shigo, suna ya cika allo ɓaro-ɓaro: "Mai Taki Kar A Ɗauka". Garin kashewa ka amsa. Murya ta fito ta kowace lasifika, gaba da baya: "Alhaji, an yi girbi fa, ina kuɗin buhu biyun nan?" Wani dattijo da muka rage wa hanya ya kawar da kai yana ta salati, ni kuwa haƙarƙarina har yanzu ciwo yake.

Ka ce mako mai zuwa za ka kai ni Roni in ga duwatsu. Na yarda, amma ni zan zauna gaba. Kuɗin sharata na bara bai iso ba, kuma ina so in kira ka muna tafe, in ga sunan da ka sa mini.