Kanikawan Motar Kara

Da an gama girbin hatsi a ƙasar Kurfai, sai Filinge ta cika da motoci. Ba mai, ba takardu, jandarma ma ba ruwansa. Yaro ya fere kara, ya yanko taya daga tsohon silifa, ya harhaɗa da ƙaya, shi ke nan.

Matsalar daga iyaye maza take. Magidanci da furfurarsa zai leƙo ya ce, "Kai, tayar nan ta karkace, kawo in gyara maka." Gyaran minti biyu sai ya kai la'asar. Daga nan kuma sai gwaji, don kaniken kirki ba ya sakin mota bai gwada ba. Ga Malam durƙushe a rairayin Dallol Bosso, yana "buuu" da baki, wai ya ɗauko cuku daga Tukunus zai kai Yamai. Daga Filinge kaɗai tafiyar kilomita wajen 180 ce, fa.

Mai motar kuwa yana gefe, an ba shi muƙamin yaron mota. Uwargida ta aiko cewa tuwo na hucewa, aka ce direba na kan hanya.

Don Allah iyaye, kara bai ƙare a gona ba. Kowa ya ƙera tasa.