Alƙalan Fim na Abuja

In kana son sanin ko fim ya yi kyau a Abuja, kada ka dogara da wanda ya fito daga kallonsa, domin halinsa zai karanta maka ya ce sharhi ne. Ka tsaya a ƙofar Silverbird ta tsakiyar gari, ko ta Jabi Lake Mall, ko Genesis da ke Ceddi Plaza, ranar Asabar da daddare, ka saurari hukunce-hukuncen da ake yankewa kafin a kai wurin ajiye motoci. Ɗaki ɗaya aka zauna, allo ɗaya aka fuskanta, amma sai ka rantse kowa da fim ɗin da aka haska masa. A ganina duk waɗannan alƙalai sun cancanci afuwa, komai surutunsu, in ban da mutum ɗaya, shi kuwa ko ɗakin ba ya shiga.

Shugabansu shi ne Mai Fassara. Wannan bawan Allah a gidan kallo na unguwa ya yi firamare, a fassarar Algaita ya yi digiri, sannan aiki ya kawo shi Abuja da iliminsa cikakke. Bai yarda akwai fim ɗin da zai iya bayyana kansa babu taimakonsa ba. Ana kashe fitila yake kama aiki. Da wani ya fito daga baƙar mota sanye da tabarau, sai ya zunguri na kusa da shi, wanda bai taɓa gani ba, ya ce, "Ga bos ɗin nan." In jarumi ya sha duka, shi ne mai kwantar wa jama'a hankali: "Ku bar shi, ba zai mutu ba, ai yanzu aka fara." Budurwa ta yi murmushi, ya san amana za ta ci, tsohuwa ta yi tari sau biyu, ya riga ya yi wa 'ya'yanta ta'aziyya. A fim ɗin Indiya yake samun sakewa sosai. Ba shi Jawan na 2023, inda Shah Rukh Khan ya fito a uba ya kuma fito a ɗa, zai sanar da dangantakar tun darakta bai shirya ba. Abin haushin shi ne yawanci yana cankar daidai, in ya canka kuma sai ya waiwayo yana duba fuskokin 'yan layin baya ɗaya bayan ɗaya, yana jiran jinjina. In ya kuskure, laifin marubuci ne: "Sun ɓata labarin." Irin Oppenheimer na Christopher Nolan ne kaɗai ke iya yi masa ritaya: awa uku cur masu kwat suna ta muhawara, ba a ɓalle ƙofa ba, ba wanda ya tashi sama. Zai yi ta gwada sarautar bos a kan kowane mai malafa, in ta ƙi zama ya yanke cewa bam ɗin ne bos, ya koma ga guggurunsa.

Za a ce wannan ƙauyanci ne, silima wurin shiru ce. Ban musa ba, wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin jin abin da 'yan wasa ke faɗa. Sai dai shirun nan baƙo ne a wurinmu. A da, a silimomin Plaza da Orion da El Dorado na Kano, ihu da fito da tafi na cikin abin da ake biya a shiga, kuma mai tatsuniya ma ba ya fara labari sai masu sauraro sun amsa masa. Mai Fassara ya gaji abu ne, gadon ya yi masa yawa. Kuma duk ɗakin babu wanda ya kai shi kallon fim ɗin, tunda ba ka iya katse abin da ba ka bi ba.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Akwai Oga, wanda wayarsa ke ƙara daidai lokacin da jaruma ke shure-shuren mutuwa, ya ɗauka ya ce, "Ina mitin," sannan ya ci gaba da mitin ɗin. Akwai Makararre, wanda cunkoson Nyanya ke riƙewa ko da a Wuse yake zaune, ya shigo da fitilar waya yana taka ƙafafu yana tambayar wa ya kashe wa. Akwai Hajiyar da ta zo domin a san ta zo: hoton tikiti, hoton gugguru, hoton takalmi, sharhinta kuma "ya haɗu." Akwai wanda sanyin ɗakin ya kawo, ya yi minsharinsa ya tashi ya ce fim ɗin ya yi tsawo. Akwai Malamin Tace na sa-kai, mai a'uziyya duk lokacin da aka riƙe hannu, amma bai taɓa tashi kafin a rubuta sunaye ba. Sai mu masu rubutu, da muke zama a gefe muna kallon 'yan kallo, mu fito muna cewa labarin bai tsaru ba alhali rabinsa ya wuce mu.

Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Mai Cewa "Ni ba na kallon fim ɗin Hausa." Bahaushe ne, yana da ofis, yana da mota, kuma yana faɗin maganar da irin muryar da ake sanar da an daina shan taba. Hukuncinsa a shirye yake: soyayya, rawa da waƙa, falo ɗaya, kishiya. Ka matsa masa kaɗan sai ka tarar ya san duk abin da ya faru a Labarina na Aminu Saira zango bayan zango, "ai madam ce ke kunnawa." Yana yaba Wakanda Forever, yana jinjina wa Funke Akindele da A Tribe Called Judah, wanda ya fito a Disambar 2023 ya zama fim ɗin Nollywood na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a gidajen silima, sannan ya yi tsaki ya ce, "Mu namu sai yaushe?" Bai taɓa tambayar kansa daga ina biliyan ɗin ta fito ba. Mutane ne suka bi layi, suka ciro kuɗi daga aljihu, wasu har sau biyu.

Hujjarsa ta farko ita ce inganci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: an yi fina-finan Hausa na gaggawa da yawa, sautinsu na rawa, labarinsu na maimaita kansa. Amma inganci kuɗi yake bi. Satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, masu shirya fim suka koma YouTube da Arewa24, inda ake neman abin da za a cike mako da shi. Duk da haka an yi The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020, yawancinsa da Hausa, an yi Mai Martaba na Prince Daniel a 2024, labarin rikicin gadon sarauta, kuma kowannensu Najeriya ta tura shi gasar Oscar. Ba su kai ga kyautar ba, amma babu mai cewa falo ɗaya ne da kishiya. Bikin fina-finai na Zuma a garin nan ake yin sa, Hukumar Fina-finai ta Najeriya ke shiryawa, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024. Mutumin namu ya san duk wannan, ya ma tura labarin naɗin a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da tambarin tafi.

Hujja ta biyu tsada ce, kuma ba da talaka nake ba. Mai gadin da ke kallon Izzar So a wayarsa a Mararaba ya biya da datarsa, ya kuma jure tallan da ke kai wa mai fim ɗan abin da ya samu. Alƙalin namu kuwa abin da yake kashewa a shawarma da lemo a dare ɗaya ya isa tikitin mutum biyu. In fim ɗin Hausa ya samu gurbi a silima, shi ne zai jira a sauke shi saboda kujeru babu kowa, ya kafa hujja da saukewar cewa ai dama ya faɗa. Bayan sati biyu kuma zai kira ƙaninsa a Kano ya ce, "Wai wannan fim ɗin da ake ta magana, in kana da shi ka turo min ta Telegram."