Waɗanda Za Ka Tarar a Kwamitin Jin Daɗin Ɗalibai

Da zarar ɗalibai sun fara guna-guni a kan ruwa ko wurin kwana ko tsadar abinci, hukumar jami'a ta san maganin: a kafa kwamiti. Sai a ba shi mako shida ya duba rayuwar ɗalibi, tun daga katifarsa har malamin da ke ba shi shawara kan kwasa-kwasai. Jami'o'in dai daban-daban ne, amma masu zagaye teburin kusan su ke nan ko'ina.

Na farko shi ne shugaba, Farfesa A-Zamaninmu. Ya yi karatu a Samaru lokacin da ake cin abinci da tikiti a kafteriya, kuma har yau cinyar kazar ranar Lahadi ba ta fita daga ransa ba. Ko maganar famfo aka kawo, sai ya biya da kai ta 1978, shekarar da ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini ya fito da ɗalibai kan titi suna neman a tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. Ya san an janye tallafin abinci tun 1984, amma bai taɓa tambayar me yara ke ci ba tun daga lokacin. Hukuncinsa kullum guda ne: 'yan yanzu ba su da haƙuri.

Kusa da shi akwai Dakta Can-a-Malesiya. TETFund ta tura shi digiri na uku, ya dawo da jiki, hankali yana can. Aka ce ɗakin mutum huɗu ya koma na goma saboda 'yan raɓe, sai ya ce can da kati ake buɗe ƙofa. Shawararsa ita ce a ƙirƙiro manhajar da ɗalibi zai riƙa kai ƙorafi ta waya. Inda ɗalibin zai yi cajin wayar kuwa, wannan aikin wani kwamiti ne.

Sai wakilin ofishin ma'aji, Malam Babu-a-Kasafi. Ba ya yawan magana, domin jimla ɗaya ta ishe shi. A gyara banɗaki? Babu a kasafi. A yi feshin kuɗin cizo? Babu a kasafi. In aka matsa masa, ya gyara tabarau ya ambaci asusun bai-ɗaya na TSA, kowa ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Abu guda da ba a taɓa jin ya ce babu ba shi ne alawus ɗin zama.

Da ma alawus ɗin ne ya kawo Alhaji Ina-Takardar. Yana shigowa zai tambayi inda ake sa hannu. Ya sa, ya ɗauki lemonsa da naman da aka ƙunsa, ya zauna kusa da ƙofa. Ana kiran azahar zai riga kowa tashi, kuma sallar tasa ba ta idarwa sai zama na gaba.

Akwai Mai Ɗanɗano, wanda ya nemi da kansa a sa shi a ƙaramin kwamitin abinci. Yakan aika wa masu sayar da abinci saƙo tun ana saura kwana biyu cewa za a kawo ziyarar ba-zata. Ranar kuwa an share wuri, an ɗaura kyallen gaba, miya ta ji nama. Ya cinye, ya yi hamdala, ya rubuta cewa abinci na da inganci. Ɗalibin da ya wuni a kan garin kwaki da sukari, ya kwana a kan garau-garau rabin faranti, ba ya cikin rahoton.

Shawarar karatu kuma an bar wa Malam Dawo-Gobe, kodinetan aji. Ɗaruruwan ɗalibai ke ƙarƙashinsa, ofishinsa kuwa kwaɗo ne a ƙofa. A wurinsa, ba da shawara shi ne sa hannu a takardar rajista a kan bayan mota, yana amsa waya. Shi ne kuma zai shaida wa kwamiti cewa yara ba sa zuwa neman shawara.

Kada a manta da Kwamared, wakilin ɗalibai. Jiya da dare a gaban hostel ya rantse sai ya girgiza teburin nan. Yau ya shigo ya tarar malamin da ke duba furojet ɗinsa yana zaune daura da shi. Da aka ce ko yana da magana, sai ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, iyayenmu sun gama faɗa." Da yamma zai sanar da jama'a cewa an yi gumurzu.

A can ƙarshen tebur Hajiya mai kula da hostel ɗin mata take. Ita ce ta san wane famfo ya mutu tun bara, wane ɗaki ke yoyo, wace yarinya ta daina dafa abinci don risho ba kananzir. Ta zo da komai a rubuce a littafi mai bango ja. Ana ba ta dama a ƙarshen ajanda, bayan kowa ya fara laluben makullin mota. Tana buɗe littafin shugaba zai ce, "Hajiya, a taƙaita, lokaci ya tafi."

Mai rufe ƙofa shi ne sakatare, wanda ya ga kwamitoci da yawa sun zo sun wuce. Rahoton na baya yana nan cikin kwamfutarsa. Ya sauya kwanan wata da sunayen mambobi, ya bar sauran yadda suke, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya, tunda matsalolin ma ba su sauya ba. Shawara ta ƙarshe a rahoton ita kaɗai ake aiwatarwa da gaggawa: a kafa kwamitin da zai duba yadda za a aiwatar da sauran.