Jinjina ga Gwarzon da Ya Yi wa Tsohuwa Sabon Kai

Allah ya ja zamanin Yaya, ɗan baffana, sadaukin da ya shafe wata bakwai cur yana nazari kafin ya saya wa kwamfutarsa ta wasa sabuwar ƙwaƙwalwa. Gamji sha sara, mai haƙurin da ya kunyata damo, bajimin da ba ya taka ƙasa sai ya auna ta! A cikin wannan lokaci wasu sun nemi aure har an ɗaura, manoma sun shuka gero sun girbe sun kai rumbu, shi kuwa yana nan daram gaban allo yana gwada firosesa da firosesa, domin babban al'amari ba a yi masa garaje.

Ita kwamfutar, ranta ya daɗe, a 2011 aka haɗa ta, da Core i5-2500K a ƙirjinta, mai kawuna huɗu, zakaran zamaninsa. Ƙurar hunturu fiye da goma ta yi mata bargo. Fankarta na kuka irin na injin markaɗe, abin da ke hutar da maƙwabta sayen agogo. Masu gajeren tunani sun ce a bar baiwar Allah ta huta. Yaya ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ladabi ne a gaida sarki kafin a yabi bafade. Gaisuwa ga Intel, toron giwa na Kalifoniya, mai alherin da ba ya barin talaka ya gaji da gurbi ɗaya. Gurbi shi ne mazaunin firosesa a kan bod, kuma da yawan alluransa ake kiransa. A 2009 aka ba duniya LGA 1156. A 2011 masana suka duba, suka gano cewa allura ɗaya ta yi yawa, sai aka cire ta, aka sami LGA 1155, kowa ya sayi sabon bod. Allura ɗaya tak! Wane maƙeri ne a duk faɗin duniya ya taɓa rage ƙusa guda daga garma, har manoma suka sake shanu? A 2013 aka ƙara cire biyar, ya zama 1150. A 2015 aka yi tausayi aka mayar da ɗaya, ya zama 1151. Sai kuma abin al'ajabi na 2017, wanda har yau nake tunawa tsigar jikina na tashi: aka fito da sababbin firosesa masu gurbi 1151, suna iri ɗaya, adadin allurai iri ɗaya, su zauna a tsohon bod lafiya lau kamar don shi aka yi su, amma in ka kunna, shiru. Ƙofa ɗaya, makulli ɗaya, ɗaki ya ƙi buɗuwa. Wannan ya wuce sana'a, baiwa ce. Daga nan 1200 a 2020, 1700 a 2021, 1851 a 2024, alheri bisa alheri.

Kwatanta wannan da abin kunyar da kishiyar Intel, AMD, ta yi. Ta kafa gurbin AM4 a 2016 ta bar shi shekara da shekaru, har mutumin da ya sayi bod a 2017 ya wayi gari a 2022 yana iya ɗora Ryzen 7 5800X3D a kansa ba tare da ya sake komai ba. Gaskiya, ta so ta gyara halinta a 2020, ta ce tsofaffin bod ba za su ɗauki sababbin firosesa ba, amma da jama'a suka yi mata ca sai ta ja da baya. Rashin dattaku ke nan. Allah ya kiyaye Yaya daga irin wannan sauƙi, bai taɓa faɗa masa ba.

To, bayan wata bakwai, farin wata ya tsaya. Gurbinsa 1155 ne, ya kuwa zaɓi sarkin wannan gurbi, Core i7-3770K na 2012. Dubi zurfin hikima: ya ɗauke tsoho ya sa ƙaninsa da shekara ɗaya. Na hannu ne, daga ƙetare aka aiko shi, naɗe cikin leda mai ƙuraje. In an haɗa kuɗinsa da na dako da na sabuwar fanka, sun isa a aza harsashin sabuwar kwamfuta, amma harsashi aikin magina ne, Yaya kuwa basarake ne.

Ina wurin daren da aka yi naɗin. Da farko sai an sabunta BIOS, ɗan shirin da ke tayar da bod, kuma in wuta ta ɗauke ana cikin yi, bod na iya zama faifan rufe tukunya. Aka tayar da janareto, aka hana yara motsi. Ya ɗaga ƙarfen gurbi da bismilla, ya zare tsohon, hannun rigarsa ya shafi allurai, guda ta kwanta. Ban taɓa ganin natsuwa irin ta wannan dare ba. Ni ina riƙe da tocilan waya, shi ya ari allurar ɗinki daga uwargida, ya dafe numfashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana lallaɓa wani abu da bai kai gashin gira ba, har kusan asuba. Sa'an nan ya matsa man sanyaya a bayan sabon firosesa, ya yaɓa shi da yalwa kamar mai shafen ɗakin amarya, har ya tsiyayo gefe. Mai kyauta ba ya auna hannu.

Ta kuwa tashi. Da kawuna huɗu take da su, yanzu kawuna huɗu gare ta, sai dai kowanne na iya riƙe aiki biyu. Zafi ma ya ƙaru, domin a wannan zubi an daina like murfin firosesa da dalma, an koma sa masa mai a ciki, kuma gwanaye kan ɓamɓare murfin da reza su sake man. Yaya ya riga ya sayi reza.

Sabon wasan da aka yi duk wannan hidima dominsa ya nuna cikakkiyar tarbiyya: bai ko buɗe ba. Yana neman wani rukunin umarni da ake kira AVX2, wanda Intel ta fara sakawa a firosesa na 2013, wato shekara guda bayan na Yaya, a gurbi na gaba. Wane irin saiti ne wannan, a harba kibiya daga nisan shekaru ta sauka taku ɗaya kafin bango! Windows 11 ma ta sunkuyar da kai ta wuce, don ba ta karɓar na Intel da bai kai zubi na takwas ba, ita kuwa Windows 10 an janye mata tallafi tun 14 ga Oktoba, 2025. Ta haka kwamfutar ta sami abin da manyan masu zuhudu suka nema ba su samu ba, duniya ta rabu da ita baki ɗaya.

Kada a ce ba a ci riba ba. Tsohon wasan ƙwallon da yake bugawa tun yana gwauro yanzu yana fitar da hotuna fiye da ɗari a daƙiƙa, ga lambar nan a kusurwa tana rawa. Allonsa sittin kaɗai yake iya nunawa. Sauran sadaka ce, ba a so hagu ta san abin da dama ta bayar.

Jiya na leƙa gaishe shi, na same shi kishingiɗe yana wasa a waya, tsohuwa na gefe an buɗe mata ciki tana shan iskar fankar ɗaki.

Na ce, "Yaya, ya jikin mutuniyar?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, kai ya zauna. Yanzu katin hoto ne ke riƙe ta. Na fara bincike."