Zabuwar Hajiya Ta Sha Wanka

Maƙwabciyata Hajiya ta dasa zabuwa, wadda 'yan boko ke kira alobera, ta mai da ita jaririya: wanka safe da yamma, har tsakiyar damina. Ganyen da Allah ya yi wa ɗigo-ɗigo farare sai ga shi da baƙaƙe.

"Ɗana, wannan baki ne," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, funfuna ce. Tsiron da ke da randarsa a ciki, ke kuma kina kai masa ruwan sadaka."

Muka sa wuƙa mai tsabta muka yanke ganyen da suka kamu, muka huda gindin tukunyar da aka dasa ta a ciki, muka ƙara yashi, muka kai ta inda iska ke kaɗawa. Tsohon tabo dai ba ya gogewa.

Butar Hajiya tana ɗakina a ɓoye.