Layi na 5 zuwa na 10, da masu nemansa

A ofishin da ake aiki da Linux, aikin ba wani babba ba ne: ga fayiloli talatin, a fito da layi na 5 zuwa na 10 daga kowanne. Amma nan halin ma'aikata ke bayyana.

Akwai ɗan gargajiya, mutumin sed. Sai ya tuna wa kowa cewa Lee McMahon ne ya rubuta shi a Bell Labs wajen 1974, sannan ya buga sed -n '5,10p' *.txt, ya jingina da kujera. Layi shida kacal suka fito. Ashe sed ya ɗinke fayilolin duka tamkar zani ɗaya, ya soma ƙirga daga na farko, bai sake komawa kan ɗaya ba. Maganin ɗan harafi ne, -s, sai dai sed na GNU ne ya san shi. In Mac ce a gabansa, ya ɗora wa Apple laifi, ya tafi shan shayi.

Malamin awk kuwa yana gefe yana murmushi. Ya san NR na ƙirga layuka gaba ɗaya, FNR kuma na sake lale a kowane fayil, don haka awk 'FNR>=5 && FNR<=10' *.txt ya gama magana. Gaskiya ce da shi, kuma ita ce matsalar: ba mai tashi sai ya saurari tarihin Aho da Weinberger da Kernighan, masu ƙirƙirar awk, tun daga 1977.

Mai head da tail ba ya son wahalar da ƙwaƙwalwa. Ya yanko goma na sama, ya ɗebi shida na ƙasansu, fayil bayan fayil. Lafiya lau, har sai an ci karo da fayil mai layi bakwai, ya miƙo na 2 zuwa na 7 ba tare da ya lura ba.

Ɗan Perl ya rubuta layi ɗaya mai aiki, wanda shi kansa ba zai iya karantawa ba ranar Litinin.

Sai bawan Allah mai linzami, da ke buɗe fayilolin ɗaya-ɗaya yana kwafa. Sun raina shi ƙwarai. Yana kan na ashirin da bakwai, su kuwa har yanzu suna musu a kan wanda zai taɓa allon madannai.